WASAN TEKWANDO: INA RABON YARAN ƘASAR BUKKUYUM?

Ran 20 ga watan Agusta, 2016, a birnin Riyo na ƙasar Birazil, wani dogon saurayi ɗan Jamhuriyar Nijar mai suna Abdulrazak Issoufou Alfaga ya kai ga karon ƙarshe na wasan Tekwando, a ajin masu nauyin fiye da kilo 80, a Wasannin Olimfik. Ko da yake Radik Isayev na ƙasar Azarbaijan ya rinjaye shi, duk da haka ya koma Yamai da lambar azurfa, wadda ita ce lambar Olimfik ta farko da ƙasarsa ta samu tun bayan ta tagulla da Issaka Dabore ya ciwo a damben Turawa a birnin Munik cikin 1972. Da shekara ta kewayo, watau cikin 2017, sai ga shi ya zama zakaran duniya na masu nauyi a garin Muju na Koriya ta Kudu. A waɗannan Wasanni na Riyo kuwa, Nijeriya, wadda yawan jama'arta ya ninka na Nijar ninkin-ba-ninkin, ba ta da ko ɗan wasa ɗaya da ya cancanci shiga fagen Tekwando.

Jihar Zamfara tana iyaka da Nijar ta wajen arewa. Gero da dawar da ake ci a can su ake ci a nan, ƙirar jikin mutane kuma ba ta bambanta ba. Saboda haka ba laifi ba ne a tambaya: in Allah Ya fito da wani yaro mai tsawon ƙafa da zafin nama irin na Alfaga a garin Nasarawar Burkullu, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, a kan hanyar nan da ta taso daga Anka ta nufi Gummi, ta wace ƙofa zai bi har duniya ta san da shi? Amsar da za a iya bayarwa yau ba mai daɗin ji ba ce. Ba ƙarfi yaron zai rasa ba, ba kuma zuciya ba. Abin da zai rasa shi ne malami, sa'an nan hanya, kuma dukansu biyu al'amari ne na yadda ake kasafta kuɗin wasanni a ƙasar nan.

Da farko ya kyautu a yi wa mai karatu bayanin wasan, domin yawancin jama'a duk wani faɗa na shuri da sara da hannu kareti suke ce masa, tun zamanin da ake cika gidajen siliman Gusau da Sakkwato don kallon Bruce Lee. Kareti na Japan ne, Tekwando kuwa na Koriya, kuma ƙafa ce jarinsa. An buɗe babbar cibiyarsa ta Kukkiwon a birnin Sol cikin 1972, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya cikin 1973. An nuna shi don gwaji a Olimfik ta 1988 da ta 1992, kana daga Wasannin Sidni na 2000 ya zama cikakken wasa mai lambobin girma. Aji takwas ake karawa a ciki, huɗu na maza, huɗu na mata. Turmi uku ake yi, kowanne minti biyu. Bisa ƙa'idar da aka bi a Wasannin Faris na 2024, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a jiki biyu, shuri a ka uku, wanda kuwa ya juya ya kai shuri a ka ya ci biyar. Kareti sau ɗaya tak ya shiga Olimfik, a Tokiyo, aka fitar da shi. Tekwando kuwa yana nan daram, abin da ya sa ƙasashe marasa ƙarfi suka sa masa ido ke nan.

Duk Bazamfaren da ya ji wannan bayani zai ce ai wannan ɗan'uwan dambe ne, kuma bai yi ƙarya ba. A dambe ma turmi uku ake yi, a dambe ma ana kai shuri, kuma ƙasar da ta saba jin kiɗan Ɗan Anace yana wasa Shago da Ɗandunawa ba ta bukatar wani ya zo daga Koriya ya koya mata jaruntaka. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, samari kan ɗaure zare a hannu su bi garuruwa, attajirai da masu sarauta suna yi musu kari, ba tare da ko sisin gwamnati ya shiga ciki ba. Bambancin kawai shi ne dambe iyakarsa gida, ba a kai shi Olimfik ba tukuna, alhali kuwa Tekwando ƙofa ce a buɗe. Ƙasar Gabon ta ci lambarta ta farko a tarihi ta hannun Anthony Obame cikin 2012. Afganistan, tana tsakiyar yaƙi, Rohullah Nikpai ya ciwo mata tagulla cikin 2008, ya kuma maimaita cikin 2012. Ƙasar Jodan zinariyarta ta farko ta Ahmad Abughaush ce cikin 2016, kuma a wannan shekara Cheick Sallah Cisse ya ba Kwaddibuwa zinariya da wani shuri da ya kai a daƙiƙar ƙarshe. Maƙwabciyar Nijar, watau Mali, Daba Modibo Keita ya zama mata zakaran duniya har sau biyu, cikin 2007 da 2009.

To, ina aka kwana a Nijeriya? Wasan ya shigo ƙasar nan tun cikin shekarun 1970, ba baƙo ba ne. Amma tun da aka fara lissafa lambobinsa a Olimfik, guda ɗaya rak aka samu, ita ce tagullar da Chika Chukwumerije ya ci a birnin Bejin cikin 2008. Wannan lamba kuwa tana da labari a bayanta wanda ya kamata hukuma ta ji kunyarsa. Mahaifin Chika, marigayi Sanata Uche Chukwumerije, mutum ne mai hali, kuma shi ya ɗauki babban kaso na nauyin horon ɗansa a ƙasashen waje kafin a tafi Bejin. Isah Muhammad ya wakilci ƙasar nan tare da Chika cikin 2008 da 2012 a ajin kilo 68. Daga nan sai aka yi tsit, har sai da Elizabeth Anyanacho ta fito ta je Tokiyo da Faris a ajin kilo 67, ita ma kuwa a hannun Chika ta taso. Watau in an duba da kyau, zare ɗaya ne aka yi ta ja shekara da shekaru, kuma bakin zaren a cikin gida ɗaya yake. Allah Ya saka wa wannan gida da alheri, amma ƙasa ba ta dogara ga aljihun mutum ɗaya ta ce tana da tsari. Manomin Bukkuyum ba sanata ba ne.

A nan ne ake bukatar a natsu, domin kuɗin wasan Tekwando hawa biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ya sa ake ta kuskure. Hawan farko mai araha ne ƙwarai. Fagen da ake gasa a kai mita 8 ne a tsaye da kwance, bai fi ajin makarantar firamare da wani abin kirki ba. Ba a sa takalmi. Ba a bukatar ciyawa, balle ruwan ban ciyawa, ba a bukatar fitilu ko turaku. Malami ɗaya da ɗaki mai daɓe mai kyau da 'yan matasan shuri, waɗanda kowane baduku zai iya ɗinkawa in an nuna masa samfuri, sun isa a koyar da yara talatin har shekara biyu ko uku. Farar rigar wasan ma telan kasuwa ba zai gaza ɗinka ta ba. In aka kwatanta da abin da ake kashewa wajen riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ɗaya, da 'yan wasanta da motarta da kwananta a otal, wannan ba komai ba ne.

Hawa na biyu shi ne mai cin dukiya. Tun daga Wasannin Landan na 2012 ba alƙali ne ke ƙirga shurin jiki da idonsa ba, sulke ne mai aiki da lantarki, da safa mai maganaɗisu, su ke aika maki zuwa kwamfuta, kana a Riyo aka ƙara da hular kwano mai irin wannan na'ura. Kamfanoni ƙalilan ne, irin su Daedo da KP&P, aka amince su ƙera waɗannan kaya, kuma da kuɗin waje ake sayensu. Yaron da bai taɓa sa wannan sulke ba, ko da ya fi kowa ƙarfi, ran da ya fita waje zai yi ta shuri allo bai motsa ba, domin bai san gwargwadon nauyin ƙafar da na'urar ke karɓa ba. Har wa yau, takardar shaidar baƙar ɗamara daga Kukkiwon ake samo ta, ita ma da kuɗin waje. Babban abin kuma shi ne jerin gwanaye na duniya. Kowace gasa da darajarta: wanda ya ci ƙaramar gasa mai daraja ta ɗaya maki 10 yake samu, mai daraja ta biyu 20, haka abin ke hawa. Waɗanda suka fi maki su ke wucewa Olimfik kai tsaye, sauran kuwa sai su taru a gasar share fage ta nahiya, kamar wadda aka yi a Rabat cikin 2020 da Dakar cikin 2024, inda mutum biyu kacal ke tsira a kowane aji daga Afirka duka. Maki kuwa ba a tara shi a zaune. Sai an shiga jirgi, an biya masauki, an biya kuɗin rajista, sau da yawa a shekara, har shekara huɗu. Tun kuma da aka saki Naira cikin watan Yuni, 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, kowace tafiya ta ninka tsada fiye da sau uku. Shi kansa Alfaga ba a Yamai ya gama gogewa ba, sai da ya yi zaman horo a ƙasar Jamus.

Abin da aka saba yi a ƙasar nan shi ne a ƙyale hawan farko gaba ɗaya, a ƙyale shekara uku da rabi na hawa na biyu, sa'an nan in saura wata biyu a tafi, sai a saki kuɗi a buɗe sansani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An ba da labarin cewa Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira miliyan dubu 12 don Wasannin Faris, na masu lafiya da na naƙasassu, aka tafi da 'yan wasa 88, aka komo daga Olimfik ba ko tagulla, kamar dai yadda aka yi a Landan cikin 2012, har Ministan Wasanni na lokacin ya fito ya nemi gafarar jama'a. Cikin watan Oktoba, 2024, aka rushe Ma'aikatar Wasanni aka maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda tun asali aka kafa cikin 1971. An sha yin wannan sauyi, daga hukuma zuwa ma'aikata, daga ma'aikata zuwa hukuma. Fatan da ake yi shi ne wannan karo ba allon ƙofa kaɗai aka sake ba.

Jihohi ma ba su fita zargi ba. Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko cikin 1973 don haɗa kan matasa bayan yaƙin basasa da kuma tono sababbin gwanaye, ya koma kasuwa inda jihohi masu kuɗi ke ɗauke 'yan wasan da wasu suka raina. Jihar da ta ga haka sai ta ce don me za ta yi wahalar kiwo wani ya sha nono. Wannan hujja ce ta malalaci, domin saurayin Zamfara da ya sami albashi a wata jiha saboda wasansa ba asara ba ce ga gidansu.

Lalle akwai masu cewa wannan magana duk ta masu ƙoshi ce, ana ta kai wa yake ta kaya. Ba za a raina wannan ra'ayi ba. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da farkon watan Janairu, 2022 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka bi ƙauyuka suka hallaka jama'a masu yawan gaske. Ba a manta da 'yan mata 279 da aka kwashe daga makarantar Jangebe ran 26 ga watan Fabrairu, 2021 ba, ko yadda aka rufe makarantu da kasuwannin mako aka kuma katse wayar tarho cikin watan Satumba na wannan shekara. Wanda ya kwana a daji don tsoro, ko ya biya haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa, in aka zo masa da batun farar riga da ɗamara, yana da haƙƙin ya yi tsaki. Don haka ne ma ba wanda ya isa ya ce a gina wani katafaren zauren wasa a Nasarawar Burkullu, ko a kwashi yara a bi da su hanyar Gusau kowane mako. Tsaro shi ne gaba, ba a musu.

Amma kuma sai a duba su wane ne ke riƙe da bindigogin nan, su wane ne kuma ke kai musu labari da burodi da man fetur. Galibinsu samari ne da ba su sami abin da za su jingina da shi ba. Garuruwa irin su Anka da Gummi da Nasarawar Burkullu sun karɓi jama'ar da suka gudo daga ƙauyuka, yara sun yi yawa, sa'o'in la'asar kuwa ba mai lura da su, ramukan haƙar zinariya suna kira, masu sayar da ƙwaya suna kira. Ba wanda zai ce wasa zai kori 'yan bindiga daga daji; duk mai faɗin haka yaudara yake yi. Abin da wasa ke iya yi ƙarami ne, amma na gaske ne: ya sa yaro ya san akwai wurin da ake jiransa da ƙarfe huɗu, akwai babba da zai tambayi dalili in bai zo ba, akwai kuma mataki na gaba da zai taka in ya yi haƙuri wata shida.

Wasu kuma tsoronsu shi ne kada a koya wa yara faɗa a ƙasar da faɗa ya riga ya ishe ta. Shuri dai bai taɓa tare harsashi ba, kuma ba ɗan ta'addan da ya rasa makami har ya tsaya neman ɗamara. Haɗarin da ya fi kusa shi ne na rauni. Wasan da ake kai ƙafa ga ka ba abin wasa ba ne, kuma an ce shi kansa Alfaga mahaifinsa ya hana shi tun yana ƙarami saboda wani ɗan'uwansu ya rasu ta dalilin raunin da ya samu a wasan, sai da ya koma ƙasar Togo da zama ya sami sarari. Wannan ya isa ya nuna cewa malamin da bai ƙware ba ya fi rashin malami muni, kuma kada a yarda yara su kara da juna sai da hula da sulke, ko da na soso ne marasa lantarki. A wannan yanki ma akwai ƙarin dalili na yin hattara. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru. Waɗanda suka tsira yanzu sun zama samari da 'yan mata, ƙannensu kuma na tasowa a wuraren da har yanzu ake niƙa dutse. Tilas ne likita ya duba kowane yaro kafin a sa sunansa, kuma a hana mugunyar al'adar nan ta sa yaro ya ƙi cin abinci don ya shiga ƙaramin aji, a ƙasar da yawancin yara dama ba su kai nauyin shekarunsu ba.

Saura batun addini, wanda bai kamata a yi masa kwana ba. A al'adar wasan ana sunkuyar da kai don gaisuwa, kuma akwai malamai da iyaye da ba za su yarda da wannan ba. Hanyar da ta dace ita ce a zauna da malaman gari da hakimi tun kafin a shimfiɗa tabarma, a ji ta bakinsu, a daidaita yadda za a yi gaisuwa a ajin koyo. Iran da Turkiyya da Masar suna cikin ƙasashen da suka yi fice a wannan wasa, ba su kuwa bar addininsu ba. Hedaya Malak ta Masar da lulluɓinta a ƙarƙashin hula ta ci tagulla a Riyo da Tokiyo. Rigar wasan ma doguwar hannu ce da dogon wando. In za a koyar da 'yan mata, to mace ta koyar da su, a cikin makarantarsu, da yardar iyayensu. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta mata zalla a Gusau, inda za a iya fara horar da malamai mata.

Wa zai biya? Hawan farko na ƙaramar hukuma ne da jiha, ba na Abuja ba. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, Gwamna Dauda Lawal kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin watan Nuwamba, 2023. Wasan makaranta ɓangare ne na ilmi. Abin da ake nema ga Bukkuyum da Anka da Gummi shi ne kowace ta zaɓi malaman makaranta biyu, 'yan asalin wurin, waɗanda ba za su gudu ba in an yi harbi da dare, ta tura su koyo wurin ƙwararru a Kano ko Kaduna ko Abuja lokacin hutu, ta kuma ɗora musu ɗan alawus a kan albashi, a rubuce cikin kasafin kuɗi, ba kyautar da Shugaban Ƙaramar Hukuma zai yi in ya ga dama ba. Horo na hutu ɗaya ba ya mai da mutum gwani, don haka sai jiha ta ɗauki ƙwararre ɗaya mai baƙar ɗamara ta ajiye shi a Gummi ko Anka yana kewaya su. Akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, akwai kuma gasar Kofin Jakadan Koriya da aka daɗe ana yi. Wasiƙa daga Gusau ta neman malami ko kayan koyo ba ta cin ko kwabo, sai dai a rasa mai rubuta ta.

Attajiran da ke yi wa 'yan dambe kari kuwa, ba a ce su daina ba. A roƙe su dai su sayi huluna da sulke goma, su sa kofi ɗaya da makarantun ƙananan hukumomin uku za su riƙa karawa a kai sau ɗaya a shekara, da rana tsaka, bayan an gama girbi. A Nijar gwamnati ta ɗauki kokawa da muhimmanci tun gasar takobi ta farko a Tawa cikin 1975, kowace jiha tana tace gwanayenta tun daga ƙauye, shi ya sa har yau ba a rasa sabon zakara. Irin wannan tsani ake bukata. Sulken lantarki kuwa saiti ɗaya ya ishi jihar duka, a ajiye shi a Gusau, a riƙa kai yara biyar ko shida da suka yi zarra su saba da shi kafin Wasannin Matasa na Ƙasa. Daga nan ne nauyi ke komawa kan Ƙungiyar Tekwando ta Nijeriya da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, waɗanda ya wajaba su riƙa bayyana wa jama'a a kowace shekara nawa suka karɓa, gasa nawa suka kai 'yan wasa, kuma jihohi nawa ne ke da malami mai albashi.

Wasannin Los Anjalis na 2028 sun riga sun yi kusa, ba wanda zai fara yau ya same su. Na Birisben a ƙasar Ostareliya cikin 2032 su ne abin dubawa, kuma yaron da zai cika shekara 18 a lokacin an haife shi cikin 2014, watau yanzu haka ya kai munzalin shiga ƙaramar sakandare, in har yana cikin waɗanda suka sami shiga. A rubuta sunansa da ranar haihuwarsa ta gaskiya tun yanzu, domin ƙaryar shekaru ta sha jawo wa ƙasar nan abin kunya a wasannin matasa. Majalisun ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi za su zauna kan kasafin kuɗin baɗi kafin ƙarshen shekara, kuma alawus ɗin malamai shida bai kai kuɗin tayoyin motar Shugaba ɗaya ba.